Ra'ayinmu: A Wace Saba Rajistar Manoman Kano ta Arewa Za Ta Kwana?

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas, manoman Bichi da Ɗambatta da Kunchi da Tsanyawa da Makoɗa kan shiga jiran abu biyu: ruwan shuka da takin zamani. Na farko a hannun Allah yake. Na biyu kuwa, in dai mai tallafin gwamnati ne, yau sai ya bi ta cikin kwamfuta kafin ya iso gona. Sai sunan manomi ya fito a rajista, lambar wayarsa ta dace da bayanansa, saƙo ya shigo, sannan dillali ya miƙo buhu. Idan ma'aikacin da ke riƙe da na'ura ya ɗago kai ya ce "babu sabis" ko "saba ta faɗi", to magana ta ƙare a ranar. Dattijon da ya biya kuɗin babur daga ƙauyensu, ya yini a layi cikin rana, haka zai koma gida hannu rabbana, gobe ya sake nemo kuɗin hanya.

Sabar nan da ake cewa ta faɗi kwamfuta ce babba, tana zaune a wani ɗaki mai sanyi a Legas ko Abuja ko Kano, ko ma a wata ƙasar Turai. Mutum ne ya ɗora mata manhaja, ya saita ta, ya yanke yawan aikin da za ta ɗauka, ya kuma zaɓi ko za a ajiye mata mataimakiya ko a'a. Ganin yadda hukumomin noma da lafiya da ilimi da filaye ke ta kwashe takardunsu suna zubawa a kwamfuta, wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a fito da maganar daga ɗakin injiniyoyi a kawo ta dandali. A ina ya kamata bayanan mutanen karkarar Kano su zauna? Wa zai riƙe mabuɗinsu? Wa kuma za a tambaya ranar da suka ƙi buɗuwa?

Yankin da muke magana a kansa na da halinsa na daban. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna wa duniya yadda jama'a masu ɗimbin yawa ke rayuwa a kan ƙasa ƙarama: gona manne da gona, ba a barin saura ta huta, kowace shekara ana nomawa, ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin dabbobi da toka da sharar birni da ake kaiwa a mangala bisa jakuna. Rabon gado ya yi ta yanyanka gonaki, har magidanci ɗaya kan mallaki gutattaki uku ko huɗu a wurare daban-daban. Saboda haka rajistar manoma a nan ta ƙananan manoma ce dubbai bisa dubbai, da yawa masu suna iri ɗaya a gari ɗaya, wasu kuma waya ɗaya suke rabawa da ƙannensu. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma gero ba ya jiran kowa. Takin da ya kamata a zuba bayan noman firi, in ya iso bayan gero ya yi ciki, amfaninsa ya ragu ƙwarai. Wannan ne ya sa kowa ke zuwa karɓar nasa cikin makonni biyu ko uku ɗin nan. Sabar da ta yi watanni tana hutu, sai a wayi gari dubban na'urori na ƙwanƙwasa mata ƙofa a lokaci guda.

Ba yau muka fara ganin haka ba. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, gwamnatin tarayya ta kawo shirin GES, inda manomi ke samun saƙon waya ya je ya karɓi taki buhu biyu a kan rabin kuɗi, tare da iri. Gwamnati ta ce ta yi wa manoma sama da miliyan 10 rajista, kuma ba shakka shirin ya rage wa 'yan ba-ni-na-iya da ke karkatar da taki ƙarfi. Sai dai ƙorafin da ya fi yawa daga karkara shi ne rashin sabis a cibiyoyin rabo da saƙon da ba ya isowa, har aka gwada tsarin kati mai aiki ba tare da sabis ba a Sakkwato da Abuja. Sama da shekara goma ke nan, darasin na nan: duk kyawun manufa, a kan waya da saba take tsayawa ko ta faɗi.

Mene ne rabon saba?

A da, kowane aiki da kwamfutarsa: ta albashi daban, ta rajista daban, ta wasiƙu daban. Mafi yawansu na kunne dare da rana suna cin wuta, alhali aikin da suke yi bai taka kara ya karya ba. Sai masana suka fito da manhajar rabo, wadda ake ɗorawa a kan ƙarfen saba kai tsaye, ta yanka ta gida-gida. Kowane yanki ya zama kwamfuta a cikin kwamfuta, da tsarin aikinsa da ma'ajiyarsa da kalmar sirrinsa, bai ma san yana da maƙwabci ba.

Manomin yankin nan ba zai sha wahalar gane wannan ba. Gandu ne maigida ya yanka wa kowane ɗa gayaunarsa, ya dasa gamba a kan iyaka. Ƙasa ɗaya ce, ruwan da ke sauka ɗaya ne, amma kowa da shukarsa da rumbunsa. Manhajar rabo ita ce maigidan. In ya yi rabo da lissafi, gona ɗaya ta ci da gida duka. In kuwa ya yi wa mutum goma alkawarin filin da ba zai ishi biyar ba, ba za a gane ba sai ranar da kowa ya fito da fartanyarsa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya fara ta a shekarun 1960 a kan manyan injunansa. VMware, wanda aka kafa a 1998, ya kawo ta kan sabobin da kowa ke iya saye. Xen ta fito daga Jami'ar Cambridge ta Ingila a 2003, KVM ta shiga cikin Linux a 2007, Microsoft ya fitar da Hyper-V a 2008, a shekarar kuma Proxmox ta fito daga ƙasar Ostiriya. A 2006 Amazon ya fara ba da hayar waɗannan yankuna awa-awa ta intanet. Abin da ake kira gajimare ke nan: sabobin wani ne, an yanyanka, kana biyan kuɗin abin da ka yi amfani da shi. A 2010 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, da kamfanin Rackspace suka saki OpenStack, wadda ke ba kowace gwamnati ko jami'a damar gina nata gajimaren ba tare da sayen lasisi ba.

Inda gizo ke saƙar

Ɗora manhajar ba shi ne aikin ba. Injiniyan da ya san hannunsa zai shiga saitin farko na na'urar ya kunna damar rabo da Intel ko AMD suka gina a cikin masarrafi, ya sa filashi, kafin a sha shayi an gama. Aikin gaske na farawa ne bayan nan, kuma shawarwari ne ƙanana da babu ɗan siyasar da zai zo ya yanke musu kintinkiri.

A ɗauki misalin saba mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 256. Ana iya yanka ta gida ashirin. Manhajar za ta yarda a yi alkawarin abin da ya fi 256 ɗin, bisa zaton ba duka za su buƙaci rabonsu lokaci ɗaya ba. A watan Fabrairu wannan dabara ce ta tsimi. A makon rabon taki kuwa masifa ce, domin rajistar manoma za ta nemi haƙƙinta ta tarar wani aikin ya cinye. Sai an keɓe mata rabo wanda ba a taɓawa. Haka kuma saba ɗaya ba ta isa ba. Ana haɗa aƙalla uku su yi aiki tare, ta yadda in ɗaya ta mutu sauran biyun za su yi ittifaƙi su tayar da ayyukanta a kansu. Sai an raba hanyar da jama'a ke shigowa da hanyar da injiniya ke bi ya yi saiti, kada ƙofar ɗakin sarrafawa ta buɗe ga duk mai intanet. Sai an sauya kalmomin sirrin da na'ura ta zo da su, an san mutum nawa ke riƙe da su, an kuma soke na duk ma'aikacin da ya bar aiki. Sai an riƙa ɗora facin tsaro a kan kari, kuma a kan kowace saba, ba wasu a bar wasu ba. Daga ƙarshe sai kwafin ajiya, wanda dole ya kwana a wani gini, a wani gari. Hoton da manhaja ke ɗauka na halin da kwamfuta take ciki, in a faifai ɗaya yake da asalin bayanan, ranar da faifan ya lalace tare za su tafi.

Duk wanda ya ɗauka waɗannan ƙananan abubuwa ne, ya tuna da jarrabawar JAMB ta 2025. A watan Mayun shekarar, magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida cikin hawaye ya amsa cewa an samu kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Bayanin da aka yi shi ne, gyaran da aka yi wa manhaja bai hau kan wasu sabobin yadda ya kamata ba. Ba gobara aka yi ba, ba ɓarawo ne ya shiga ba. Saiti ne bai daidaita ba, aka ce yara kusan dubu 380 su sake zama jarrabawa. A Fabrairun 2023 kuma 'yan kutse sun kulle dubban sabobi masu amfani da manhajar ESXi ta VMware a ƙasashe da dama suna neman kuɗin fansa, ta wata ɓaraka da aka fitar da facinta tun 2021. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Maris ɗin 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda kwafin ajiyarsu ke harabar da ta ƙone sun yi asarar bayanansu.

Hujjar masu son haya a waje

Akwai masana da ke cewa kada jiha ta wahalar da kanta, ta kama haya a wurin Amazon ko Microsoft ko Google. Hujjarsu na da ƙarfi, kuma adalci ne a saurare ta. Waɗannan kamfanoni na da injiniyoyin tsaro da babu ma'aikatar jiha da za ta iya biyan albashinsu. Ba ruwanka da dizal, ba ruwanka da na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ya fi dacewa da halin manomanmu kuma, ana iya ninka ƙarfin saba cikin mintuna a makon rabon taki, a rage bayan an gama, a biya na abin da aka ci kawai.

Suna kuma nuna mana halin da muke ciki. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura na shiga ko'ina, alhali saba ba ta son zafi ba ta son ƙura. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Kano, sun yi sama da mako guda cikin duhu bayan lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir. Duk ofishin da ya ajiye sabarsa a ɗaki yana dogaro da janareta ɗaya ya ɗanɗana kuɗarsa a kwanakin nan. Ga kuma al'adar da muka sani ta sayen kaya a ƙaddamar da biki, shekara ta zagayo babu kasafin gyara, batiran ko-ta-kwana sun mutu, matashin da ya iya aikin ya samu wurin da ya fi tsoka ya tafi da kalmar sirri a kansa.

Hujjar masu son ajiya a gida

Ɗaya ɓangaren ma ba da wasa ya zo ba. Hujjarsu ta farko kuɗi ce. Hayar waje da dala ake lissafinta. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati na wajen naira 460; a 2024 ta haura naira 1,500. Hukumar da ta tsara kasafinta da naira ta wayi gari kuɗin hayarta ya ninka sau uku ba tare da ta ƙara ko manomi ɗaya a rajista ba. Ko wanda ya sayi sabarsa bai tsira ba in manhajar rabonsa ta lasisi ce: bayan Broadcom ya saye VMware a Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin din-din-din ya koma na biyan kuɗi lokaci-lokaci, kuma abokan ciniki da yawa a duniya sun koka da tashin farashi.

Ta biyu hanya ce. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Najeriya suka shiga halin ni-'yasu. In rajistar manoman Gabasawa na zaune a Turai, to tsakanin ma'aikacin da ke Zakirai da sunan manomin da ke tsaye a gabansa akwai teku. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ta uku iko ce da doka. Rajistar manoma ba jerin sunaye ba ce kawai. A ciki akwai lambar waya, lambar ɗan ƙasa, asusun banki, girman gona da wurin da take. A zamanin da ake garkuwa da mutane, irin wannan bayani in ya faɗa mugun hannu barazana ce ga rai. Tun 2013 ƙa'idojin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA suka nemi a riƙa ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa. Manufar gajimare ta ƙasa ta 2019 ta ƙarfafa hukumomi su fifita haya a kan sayen na'urori, tare da rarraba bayanai gwargwadon sirrinsu. Dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan ƙasa waje, ta kuma wajabta kai rahoto cikin awa 72 idan an yi kutsen da ka iya cutar da mutane. A can Amurka kuwa, dokar CLOUD ta 2018 ta ba hukumominsu damar neman bayanai daga kamfanoninsu ta hanyar shari'a, ko a wace ƙasa aka ajiye su.

Matsayarmu

Mun auna hujjojin biyu, kuma muna ganin kowane ɓangare ya faɗi gaskiya game da raunin ɗan'uwansa. Masu son waje sun yi daidai da suka ce sakatariyar ƙaramar hukuma ba wurin ajiye saba ba ce. Kano na da ƙananan hukumomi 44. Ɗakin saba 44 na nufin janareta 44 da ƙofofin kutse 44, kuma kwangila ce kawai za ta ci riba. Masu son gida su ma sun yi daidai da suka ce bai kamata sirrin talaka ya rataya a kan farashin dala da wayar teku ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, zaɓin ba tsakanin Turai da ɗakin sakatariya kaɗai yake ba. A ƙarshen Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar ajiyar bayanai ta Galaxy Backbone a Kano, kamfanin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2006, wanda ke da wata cibiyar a Abuja. A Legas akwai cibiyoyi masu zaman kansu irin su Rack Centre da ta MainOne wadda Equinix ya saye a 2022, ga kuma wadda MTN ya buɗe a 2025. Ke nan ana iya kama haya a cikin ƙasa, a biya da naira, a ƙarƙashin dokar Najeriya.

Ra'ayinmu shi ne, bayanan da ke ɗauke da suna da lamba da gonar manomi su zauna a cikin Najeriya, a ƙwararriyar cibiya, a kan sabobin da aka raba da buɗaɗɗiyar manhaja irin KVM, tare da cikakken kwafi a wata cibiyar a wani gari. Ayyukan da babu sirrin kowa a cikinsu, kamar hasashen yanayi na NiMet ko farashin hatsi a kasuwar Dawanau ko hotunan tauraron ɗan'adam, ba laifi a yi su a duk inda ya fi araha da sauri. Ba muna cewa buɗaɗɗiyar manhaja kyauta ce ba. Kuɗin da ba a biya na lasisi ba za a biya shi a horo da albashin ƙwararru, kuma mun fi son kuɗin ya tsaya a hannun 'ya'yan Kano. Ba kuma muna ba kowace cibiya shaidar kirki a makance ba. Ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, ta sa hannu a kan yarjejeniya: awa nawa aka yarda saba ta tsaya a shekara, cikin minti nawa za a ɗauki waya in an kira, da tarar da za ta biya in ta saɓa.

Domin wannan matsaya ta zama aiki, muna kira ga gwamnatin jiha da hukumar raya noma da karkara ta KNARDA da majalisar dokoki su tsaya a kan abubuwa biyar.

Na farko, rajista ɗaya. Shirye-shiryen noma na zuwa suna wucewa, daga GES zuwa bashin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a 2015, zuwa shirin noma da kiwo na KSADP mai dala miliyan 95 da Bankin Raya Ƙasashen Musulunci ya tallafa. Kowane shiri na da wa'adinsa, manomi kuwa yana nan. A rubuta a kowace kwangila cewa bayanan da aka tattara mallakar jiha ne, za a miƙa su a tsarin da kowace manhaja ke iya karantawa, tare da kalmomin sirri da takardar yadda aka saita komai, kafin a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa.

Na biyu, gwaji kafin damina. Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Afrilu ko farkon Mayu a jibga wa sabar nauyin da ya kai na makon rabo a ga ko za ta ɗauka, a kashe ɗaya da gangan a ga ko sauran za su karɓa, a ɗauko kwafin ajiya a tayar da shi daga farko. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. A kai sakamakon gaban kwamitin majalisa.

Na uku, na'urar da ke hannun ma'aikaci ta iya aiki babu sabis. Ko sabar ta fi kowace lafiya, ba ta da amfani ga cibiyar rabo a ƙauyen Shanono ko Bagwai in layi bai kai ba. A sauke jerin manoman kowace mazaɓa a kan na'urar tun daga gari, ta tantance, ta rubuta, in an samu sabis ta aika. A kuma liƙa jerin sunayen a takarda a ƙofar dagaci, domin wanda aka tsallake ya san da wuri, ya san kuma wurin kai kuka.

Na huɗu, mutane. Jihar da ke da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Bichi, da Kwalejin Noma ta Audu Bako a Ɗambatta, ba ta da uzurin ɗauko mai saita saba daga Legas duk lokacin da abu ya tsaya. Tsofaffin kwamfutoci uku sun isa ɗalibi ya koyi haɗa rukunin sabobi da hannunsa, ya lalata, ya gyara. A shigar da wannan cikin darasi, a yi amfani da shirin horar da matasa fasaha na 3MTT na gwamnatin tarayya, a kuma ware wa waɗanda aka ɗauka albashin da zai riƙe su. Kada kuma a bar mabuɗi a hannun mutum ɗaya.

Na biyar, kuɗin kulawa. Duk kasafin da ya tanadi sayen na'ura ko kama haya, ya tanadi na kula da ita na shekara biyar. In babu wannan, gara kada a fara.

Manomin Kano ta Arewa ba ya buƙatar sanin bambancin KVM da VMware, kuma ba aikinsa ba ne. Haƙƙinsa ne ya zo sau ɗaya ya karɓi abin da aka yi masa alkawari, sirrinsa kuma ya tsira. Daga yanzu, duk ranar da aka ce wa jama'a saba ta faɗi, ya kamata a samu jami'i mai suna da muƙami da zai fito ya faɗi dalili da lokacin da za ta tashi. Muna kira ga gwamnatin Kano ta bayyana wa jama'a inda rajistar manomanta take zaune, da wanda ke kula da ita, da ranar da aka yi mata gwaji na ƙarshe, tun kafin ruwan shuka ya sauka.